Jiran Lamba Shida

Teburina yana bakin wata rumfa a kasuwar Gadarif da ke gabashin Sudan, bayan masu awon riɗi da dawa. Ba zan kira shi shago ba. Shagona yana Wad Madani, na ja ƙofarsa na sa kwaɗo a watan Disamba 2023, ranar da yaƙi ya iso garin, muka fito da iyali ba mu tsaya tattara komai ba. Abin da ya biyo ni jakar kayan aiki ce da tsohuwar kwamfuta. Gyaran waya na koya, da shi nake ciyar da gida tun 2011, amma yanzu rabin masu tsayawa gabana wayarsu lafiya lau take. Gilashi bai fashe ba, caji yana shiga. Asusu suke so a buɗe musu, ko a ƙwato musu wanda ya kulle.

Makon jiya wani dattijo ya zo, Bahaushe daga ƙauyukan bakin kogin Rahad. 'Yarsa da ke aure a Jidda ta aiko masa da waya sabuwa fil ta hannun wani mai dawowa daga Umra, ta ce a kai wa masu gyara su saka masa manhajar WhatsApp da za su riƙa jin muryar juna. Ya kwance ta daga cikin hankici, ko ledar gilashin bai ɓare ba. Na zaɓi 249, lambar kiran Sudan, na rubuta lambarsa, na danna. Wayar ta ce an turo lamba shida ta saƙo, a shigar da ita a nan. Muka zuba wa akwatuna shidan ido. Ƙidayar daƙiƙa ta yi ta sauka har ta kai sifili, ba abin da ya shigo. Na danna a sake turowa. Na danna a kira mu a karanto mana. Na cire layin na goge shi da gefen riga na mayar, alhali na san ba nan gizo ke saƙar ba. A karo na huɗu wayar ta ce mun cika naci, mu dawo bayan awa ɗaya.

Baba bai ce uffan ba. Na sa mai jabana ta kawo masa gahawa, ya zauna kan benci ya jingine sandarsa. Can ya ce, "Ɗana, ita wannan lambar daga wane gari take tasowa, da har yanzu ba ta iso ba?"

Na ce, "Daga nesa, Baba. Kuma hannuwa da yawa take bi."

Gaskiya na gaya masa. Kamfanin da ke Amurka ko Turai ba shi da wata igiya da ta haɗa shi da layin Baba kai tsaye. Dillalai yake ba wa saƙon, kamfanonin da sana'arsu ke nan, wannan ya miƙa wa wancan har ya faɗo hannun kamfanin layi na nan gida, kowane hannu kuma da ladansa. In ɗaya daga cikinsu ya ga hanyar Sudan ta yi masa tsada, ko biyan kuɗi tsakaninsu ya gagara saboda banki, ko turken sabis na unguwar ba shi da wuta a wannan sa'ar, saƙon ya mutu a hanya ke nan, kuma babu mai zuwa ya sanar da kai. Ga kuma 'yan damfara da ke sa na'ura ta yi ta neman lambobi dubbai zuwa layukan da suke cin riba a kansu, har wasu kamfanonin suka gaji suka toshe wasu ƙasashe ɗungurungum. In za a toshe, wa za a fara da shi? Wanda ba ya kawo dalar talla.

Wannan ma da sauƙi, tunda dai an yarda akwai mu a duniya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne jerin ƙasashe. In wayar tana kan Turanci, yatsana ya haddace wurin: Sifen, Sirilanka, Sudan, Suriname. Sau nawa zan ja in tarar daga Sirilanka an tsallaka sai Suriname. In koma sama in sake dubawa ko idona ne, in ga Sudan ta Kudu da 211 ɗinta, ƙasar da aka haifa a Yulin 2011, tana zaune daram. Ba na yi musu hassada, 'yan'uwanmu ne. Amma mai wayar yana tsaye a kaina yana tambaya, "To yaya?", ni kuma in rasa yadda zan gaya masa cewa ƙasar da aka binne cibiyarsa ba ta cikin lissafin mutanen nan.

Asalin abin ya girmi wayoyin da ke hannunmu. A 1993 Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashen da take zargi da ɗaukar nauyin ta'addanci. A Nuwamban 1997 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan takunkumin da ya hana kamfanonin Amurka kasuwanci da ƙasar nan. Gwamnatin Umar al-Bashir aka nufa, a jikin talaka ya sauka. Lokacin da na fara sana'a, rumbun sauke manhajoji ba ya buɗewa da intanet ɗin Sudan. Mu masu shago mu ne rumbun. Wani zai dawo daga Dubai ko Alƙahira da filas cike da manhajoji, mu kwafa mu raba tsakaninmu, mutum ya zo ya ce a zuba masa kaza da kaza, kamar mai sayen kananzir. Daga wayarsa kuma ta bi ta Bluetooth ta zagaye unguwa. Babu sabuntawa, babu wanda ya san ko an cusa wani mugun abu a ciki. Haka muka koyi waya, ta ƙofar baya.

A Fabrairun 2015 aka sassauta wa wayoyi da kwamfutoci da manhajojin sadarwa. A Oktoban 2017 aka ɗage takunkumin kasuwancin. Ranar 14 ga Disamba 2020 aka cire sunanmu daga jerin ta'addancin, bayan gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdallah Hamdok ta yarda ta biya diyyar dala miliyan 335 kan hare-haren ofisoshin jakadancin Amurka a Kenya da Tanzaniya na 1998 da na jirgin ruwan yaƙinsu a Yaman. Ba zan manta da wannan makon ba. Bayan isha'i na koma shago na kulle kaina, na kashe VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, na yi ta gwada shafukan da suka saba korarmu ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun buɗe, na ji daɗi har zuciya. Da yawa kuwa amsarsu ta shekara goma baya suka maimaita mini: wannan hidima ba ta samuwa a yankinka. Wasunsu har yau ita suke faɗa.

Na daɗe ina juya dalilin a raina. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A 2014 Amurka ta ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 saboda mu'amalar kuɗi da Sudan da Iran da Kyuba. Bayan wannan, wane lauyan kamfani ne zai miƙe a taro ya ce a buɗe wa Sudan ƙofa? In ya bar ta a kulle babu mai tuhumarsa, in ya buɗe aka sami kuskure ɗaya wuyansa ne. Wasu kuma ina kyautata zaton mantuwa ce zalla: wani ma'aikaci ya rubuta jerin ƙasashen da za a hana tun da can, ya bar aikin, ba wanda ya sake waiwayar jerin. Doka ta canza a Washinton, amma ba ta sauko ta canza layi ɗaya a cikin fom ba.

To sai dabara. 'Yan'uwa na Najeriya kun ɗanɗani VPN lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuka ga yadda take cinye caji da data, kuka ga yadda waya ke ɗaukarka yau kana Holan gobe kana Jamus. Naku wata bakwai ne, mu a ciki muka girma. VPN tana ɓoye inda kake, amma ba ta ba ka lambar waya. Lamba sai aro. Kuma Bahaushen Sudan bai rasa inda zai ara ba, domin da wuya ka sami gida a cikinmu da ba shi da wani a Makka ko Madina ko Jidda. Sai a kira gwaggo ko kawu a ce, za a turo wata lamba wayarki yanzu, ki karanto mana da sauri. A wurin ƙasa a danna Saudiyya, a wurin lamba a sa 966, a wurin gari a rubuta Makka. Minti biyu an shiga.

Ban taɓa sabawa da wannan ba. Kullum na zo wurin da aka ce ƙasarka, na danna wa mutum ƙasar da ba tasa ba, sai na ji nauyi a ƙirjina. Wani malamin allo da na buɗe wa ɗansa asusu a wani shafin karatu ya tsura wa allon ido ya ce, "Ustaz, wannan ba ƙarya muka yi ba?" Na ce, "Ƙarya ce, Malam." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To Allah Ya yafe mana. Yaron dai ya yi karatu." Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan. Amma na ga ranar da ƙaryar take dawowa ta karɓi kuɗinta, kuma a gidanmu na gani.

Ƙanwata tana haɗa humra da turaren wuta da dilka. Hannun Innarmu ta gado, in ta buɗe tukunyar turare a tsakar gida har maƙwabta sai sun leƙo. Tun 2019 take da shafi a ɗaya daga cikin manyan kafofin nan na hotuna, amare daga Kano da Maiduguri da Damagaram suna yi mata magana, kayan su bi ta hannun masu Umra ko ta Anjamena su isa. Ni na buɗe mata shafin da hannuna. Ranar lambar ta ƙi zuwa layinta, na ce kar mu ɓata lokaci, na kira 'yar gwaggonmu a Makka ta karanto mana. Shekara huɗu ba wata matsala, har muka manta da layin wa aka yi rajistar.

A hanyar fitowa daga Madani masu bindiga suka tare motarmu suka karɓe wayoyin kowa. Da muka natsu a Gadarif na haɗa mata wata tsohuwa. Ta rubuta sunan shafinta, ta rubuta kalmar sirri, duka daidai. Sai manhajar ta ce ba ta san wannan wayar ba, ba ta san wannan wurin ba, za ta tura lamba zuwa layin da aka yi rajista da shi. A Saudiyya layi da zanen yatsa ake yin rajistarsa, kuma a ɗaure yake da iƙamar mutum, wato takardar izinin zamansa. Iƙamar mijin 'yar gwaggon tamu ta ƙare tun bara waccan, sun tattara sun bar ƙasar, layin ya mutu, kamfani ya sake sayar da lambar. Muka kira duk da haka. Wani mutum ya ɗauka, Larabcinsa na baƙin ma'aikata ne, na yi masa bayani a hankali, na roƙe shi don Allah ya karanto mana lambar da za ta shigo wayarsa. Ya ce haram, ya kashe. Kuma yana da gaskiya. Ni kaina abin da nake gaya wa duk wanda ya zauna kan bencina ke nan: ko wane ne ya kira ka, kada ka karanta masa lambar da ta shigo wayarka.

Saura hanya ɗaya, a tura hoton takardar shaida. Ta riƙe fasfo ɗinta kusa da fuska na ɗauke ta, sau uku saboda hasken rumfar. Amma me na'urar da ke can za ta gani? Asusun da ya ce shi na Makka ne, da lambar Saudiyya, mai sunan sana'a, wanda shekara huɗu yana leƙowa daga ƙasashen Turai daban-daban saboda VPN, yau ga wata da fasfon Sudan ta ce nata ne. Amsa ta zo cikin daƙiƙu, da alama ko ɗan'adam bai duba ba: ba mu iya tabbatar da cewa ke ce mai asusun ba. Mun sake turawa har sau biyar.

Hotunan shekara huɗu suka tafi, da saƙonnin masu saye, da lissafin waɗanda take bi bashi. Duk wannan ta haɗiye. Abin da ya hana ta barci amare uku ne da suka riga suka biya kuɗin kayansu kafin mu fito, kuma ba ta da lambar ko ɗaya sai a cikin shafin. Ta ce mini, "Yaya, asarar ba ta dame ni ba. A ce yanzu a Kano akwai wadda ke kirana macuciya, ta ce 'yar Sudan ta ci kuɗin aurenta, wannan ne ba zan iya ɗauka ba." Biyu ta same su daga baya ta hannun wata mai kai mata kaya, ta mayar musu da kuɗinsu. Ta ukun har yau kuɗinta suna ƙulle a gefen akwatin ƙanwata, ba ta taɓa su ba ko a ranakun da muka kwana da shayi kawai. Iyayenmu sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ni na aro, ita abin ya buɗe wa, kuma ban daina jin nauyin wannan ba.

Ko da ba a yi aro ba, fom ɗin nan ba da ƙirarmu aka ɗinka su ba. Akwati biyu ne, sunan farko da sunan ƙarshe. Mu kuwa suna huɗu muke da shi a takarda: naka, na mahaifinka, na kakanka, na mahaifin kakanka. Wanne ne na ƙarshen? Mutum ɗaya zai rubuta Usman yadda Hausawa ke rubutawa, fasfo ya ce Osman, takardar makaranta ta ce Othman, na'ura ta ƙirga mutum uku. Ranar haihuwa kuma, dattawanmu da yawa da ma waɗanda aka haifa a ƙauye likita ne ya kimanta shekarunsu aka ba su takarda, shi ya sa za ka ga gida guda kowa ranar 1 ga Janairu aka haife shi. Adireshi fa? Ana neman sunan titi da lambar gida da lambar gidan waya, mutum kuwa gidansa bayan masallacin Juma'a ne kusa da injin niƙa. Lambar gidan waya duk ƙasar 11111 muke sawa, ta Khartoum, ko mutum bai taɓa taka Khartoum ba. Yanzu da miliyoyinmu ke zaune a makarantu da gidajen dangi, in aka ce kawo takardar wuta ko ta ruwa mai ɗauke da sunanka da adireshinka, daidai yake da a ce maka koma gida.

Wataƙila abin ya fi yi mini zafi ne saboda ni Bahaushen Sudan ne, kuma tambayar "kai ɗan ina ne?" ba a waya muka fara jin ta ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da suka kafa yana nan da sunansa, Maiurno. A can aka haifi mahaifina. Wasu kuma hanyar Hajji ce ta kawo su a ƙafa, suka tsaya neman guzuri a gonakin audugar Jazira, yankin da Wad Madani take, tsayawar ta zama zama. Mun yi noma, mun yi kamun kifi, mun koyar da Alƙur'ani, agashe da kowa ke layi a kansa da yamma daga hannunmu ya fito. Duk da haka mahaifina ya sha zirga-zirga da dattawan shaida kafin ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, ana ta tambayarsa kakansa daga ina ya zo. Ya yi haƙuri har ya samu, ya ajiye ta cikin leda a ƙasan akwati kamar zinariya. Yau ni ɗansa, da lambar ɗan ƙasata a aljihu, ina zaune ina rubuta wa mutane cewa su ba 'yan Sudan ba ne don a bar su su shiga. Mahaifina ya wahala ya tabbatar shi ɗan nan ne, ni kuma ina cin abinci da musanta hakan. Ranar da na fara lura da wannan, na daɗe ban iya taɓa wayar da ke gabana ba.

Maganar biyan kuɗi ba zan ja ta ba, don kowa ya san ta. Manhaja za ta ce gwaji kyauta ne, amma sai ka sa lambar kati. Sai a 2021 aka fara ganin katin Visa da bankin Sudan ya fitar, kuma kafin ya yaɗu yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Ɗan yayata yana aji uku a jami'a karatu ya tsaya. Ya sami kwas na lissafin kwamfuta a wani shafi, ya yi wata biyu yana bi a wayar da gilashinta ya tsage, ya ci duk jarrabawar, da aka zo karɓar takardar shaida aka ce sai kati. Sai da wani kawunmu a Riyad ya biya da nasa, mu kuma muka ba iyalinsa na nan kuɗin a hannu. Yaron da ba shi da kawu a Riyad fa?

Kuma don kada in zama mai ganin laifin na nesa kawai: ƙofar nan ta ciki ma ana sa mata sakata. Bayan kisan da aka yi wa masu zanga-zanga a dandalin zaman dirshan na Khartoum ranar 3 ga Yuni 2019, an ɗauke intanet ɗin waya fiye da wata guda. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021 an sake ɗaukewa sama da mako uku. A Fabrairun 2024 kuwa layukan kamfanoni ukun nan, Zain da MTN da Sudani, suka mutu gaba ɗaya, a lokacin da kuɗin hannu ya ɓace kuma kowa da Bankak, manhajar banki ta waya, yake sayen ko da burodi. Nan gabas sabis ya dawo daga baya, amma Jazira ta daɗe cikin duhu.

A wannan lokacin na ga abin da ban taɓa zato ba. A ƙauyukan Jazira an kakkafa faifan Starlink, mutum ya biya kuɗin awa ya zauna ƙarƙashin bishiya ya sami intanet daga tauraron ɗan'adam. Intanet akwai, amma saƙon waya ba ya sauka sai da turken sabis, turaku kuwa duk a mace. Ga mutum yana kallon akwatuna shida, ga layinsa a cikin waya, amma lambar ba ta da inda za ta bi ta same shi. Sai mutane suka fara aiko da layukansu nan. Direba zai zo teburina ya zaro ƙullin takarda daga cikin hularsa ko safarsa, a ciki ɗan layi ne, an rubuta sunan mai shi da ranar da za mu haɗu: Talata bayan azahar. Ranar in sa layin a wayata in zauna. Shi kuma can ya tafi wurin faifan, ya ari asusun wani ya yi mini magana, ya ce na danna. Lambar ta faɗo nan Gadarif, in rubuta masa cikin sauri kafin wa'adinta ya ƙare, domin 'yan mintoci ne ranta. Wata rana awarsa ta ƙare kafin ta zo, sai wani makon. Wata rana a yi dace, ya turo mini saƙon murya yana ta addu'a, ana jin kukan awaki a bayansa. Akwai layi biyu da har yanzu suke cikin gwangwanin da nake ajiye ƙananan kusoshi. Masu su ba su zo ranar alƙawari ba, kuma ba wanda ya zo nema.

Tun daga kan ƙanwata na canza yadda nake aiki. Ba na ƙara buɗe wa kowa asusun sana'a da lambar aro, ko zai yi fushi ya tafi teburin gaba. In lamba ta ƙi zuwa yau, mu gwada gobe da sassafe, mu gwada layin wani kamfanin, amma ta zama tasa. Masu sayar da lambobin ƙasashen waje a intanet kuwa ina hana mutane kusantarsu, domin lambar da ka saya yau gobe tana hannun wani, da asusunka a haɗe. Kowa sai na buɗe masa imel na ɗaura a kan asusun, na sa masa lambar sirri ta biyu inda manhajar ta yarda, na rubuta masa komai a takarda da Larabci ko da ajami, na ce ya ajiye inda yake ajiye takardun gida, kada ya bar shi a cikin wayar. Ina kuma gaya musu su riƙa sa wa layinsu ko ɗan kati ne lokaci-lokaci don kada ya mutu, su kuma rubuta lambobin masu hulɗa da su a littafi na takarda. Ƙanwata ta buɗe sabon shafi da 249. Kwana tara muka yi muna gwadawa kafin lambar ta zo. Mabiyanta ba su kai kashi ɗaya cikin goma na da ba, amma littafinta yana gefenta, duk wadda ta yi mata magana sai ta rubuta.

Abin da nake so daga masu kamfanonin nan bai taka kara ya karya ba. Su buɗe jerin nasu su duba ko dokar da suke tsoro tana nan. Su bar mutum ya tabbatar da kansa ta imel in saƙo ya ƙi zuwa. In wadda yaƙi ya kora ta riƙe fasfo kusa da fuskarta, a sami ɗan'adam ya kalle ta kafin a ce mata a'a.

Baba kuwa ya kwana a gidan wani ɗan'uwansa a cikin gari. Washegari tun ban gama shimfiɗa kaya ba sai ga shi da sauri, ya buɗe mini tafin hannunsa. Lamba shida ce da biro, jikan mai masaukinsa ya rubuta masa. Ya ce cikin dare ta shigo, wajen ƙarfe biyu, wayar ta yi ƙara ta tashe shi. Na shigar da ita duk da na san ta riga ta mutu, wayar ta ce ba daidai ba. Na ce, "Baba, ta kwana, sai mun nemi sabuwa." Ya ce, "To nemo, ai na ga tana zuwa." Na danna. Kasuwa ba ta cika ba tukuna, sabis da ɗan ƙarfinsa. Ƙidaya tana kan daƙiƙa ashirin da wani abu wayar ta yi ƙara a hannuna.

Tun Yulin 2025 aka taƙaita kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp a ƙasar nan, don haka na nuna masa inda zai danne da babban yatsa ya yi magana ya saki. Ba a jima ba saƙonnin muryar 'yar tasa suka fara shigowa, har guda bakwai. Ya kara a kunne ya saurari na farko har ƙarshe, ya sake saurara. Sannan ya gyara zaman hularsa, ya danne wurin, ya yi sallama cikakkiya, ya fara tambayar mijinta da yaran, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa.